Irin da Ke Cikin Ƙyallen Umma

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Hanan, ƙanwata kuma 'yata.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ki Katsina lafiya ke da Gwaggo Hadiza, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya sa ki samu karɓuwa a gidan da ba ki taɓa kwana ba. Na san za ki yi dariya ki ce Abla ta kwaso gaisuwar nan daga littattafan soyayyarta. Eh, daga can na kwaso. Ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba, ban san wata hanyar buɗewa ba. Kuma har yanzu da nake rubutun, ban tabbatar zan ba ki ita ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Baba. Tumatirin da ke saman soronmu ba na Umma ba ne. Nata ya ƙare tun sanyin farko bayan rasuwarta. Wanda kike tsinka tun daga nan, wanda kike rataya wa kunnenki kina cewa ke amarya ce, ni nake sayo irinsa a takarda duk shekara, a mashtal ɗin nan na hanyar Ƙuba inda ake sayar da shuke-shuke. In na dawo sai in juye shi a cikin koren ƙyallen Umma, in ƙulle irin ƙullin da take yi, sannan in kira ki in ce, "Zo mu kwance irin Umma." Ke kuma ki yi bisimilla, ki sumbaci ƙyallen.

Da ba tafiya za ki yi ba, wataƙila da na ci gaba da yin shiru har mu tsufa. Amma shekaranjiya na je ɗauko bokiti a bayan tankin ruwa, sai na tarar da shanyarki. Kin matse nunannun tumatir a kan tsumma, kin barbaɗa masa toka daga kaskon turaren wuta, daidai yadda Umma take yi, ban ma san kina tunawa ba. A gefen tsumman kin rubuta da Larabci cewa na Umma ne, zai tafi Katsina. Na tsuguna a wurin har ƙafata ta yi sanyi. Hanan, irin nan da kika shanya ba zai ba ki abin da kike jira ba. Ina so ki ji dalili daga bakina kafin ƙasar gidan Gwaggo ta gaya miki.

Kina ƙarama sosai lokacin da tumatirin nan ya shigo gidanmu. Umma ta je yi wa wata amarya lalle a wajen Ƙuba, da za ta dawo ta ga takardar irin a rataye a mashtal, da hoton ƙananan tumatir jajaye a jere kamar nonon inabi. Ta ce sak murjanin da kakarmu ta Abeshe take sawa a wuya, shi ya sa har yau muke ce masa murjani. Baba ya kwaso mata bokitan fenti daga wani gini da ya wuce ta gabansa bayan ya sauke masu ziyara a Uhudu, ya huda musu gindi da ƙusa. Da zafi ya lafa ta shuka. Ya hau igiya har ya fi Baba tsawo, 'ya'yansa kuwa in kika sa a baki sai ya fashe da zaƙi kamar an ɗiga masa zuma. Maƙwabta har daga hawa na ƙasa suke aiko yara da kwano.

Da ya kusa ƙarewa Baba ya ce, "In sanyi ya zagayo ki tuna mini in sayo wata takardar."

Umma ta dube shi ta ce, "Sayen iri, Malam? A garinmu macen da ke sayen iri dariya ake yi mata. Ga shi nan a cikin 'ya'yansa, me za ka je nema a shago?"

"To, manomiya," in ji Baba. "Ni dai direba ne."

Ta matse, ta sa toka, ta shanya, ta ƙulle a koren ƙyalle. Da zafin shekarar nan ta kwanta, ba ta tashi ba. A asibiti ta riƙe mini hannu ta ce, "Sumayya, ga Hanan nan, ke ce uwarta." Ina da shekara goma sha uku, ko gishirin miya ban iya daidaitawa ba. Tun daga ranar nake ƙoƙarin zama abin da ta ce, kuma yawancin abin da na iya, ta hanyar ɓatawa na koye shi. Shi nake so in ba ki, tunda ba ni da gwal.

Da sanyi ya zo muka shuka irin nata na gaskiya. Ya tsiro, ya hau igiya, muka yi ta murna. Sai da ya fara 'ya'ya muka ga abin mamaki. Wani bokitin ya ba da manya masu tsami, wani ƙanana masu ɓawo kamar leda, wani ganye kawai ya tara. Babu ko ɗaya da ya yi nonon nan mai tsawo. Kika ɗanɗana ɗaya kika tofar, kika ɗago kai kika ce, "Abla, lesh?" wato me ya sa. Sannan kika tambaye ni da Larabci ko Umma fushi take yi da mu. Na ce miki a'a, amma a raina na riga na yanke cewa da ni take fushi, kuma na san laifina.

A sanyin nan ne Anti Balaraba ta hawa na biyu ta buɗe mini kwalin littattafan da alhazan Kano suke bar mata. Da su na koyi karanta Hausa, don a makaranta ba mai koya mana. Sai in hau soro da sunan ban ruwa, in zauna a inuwar tanki, in shiga gidan wasu mutane a wani gari da ban taɓa gani ba, inda kowa yake da mai tambayarsa me ke damunsa. In farga har an kira magariba ban zuba ko kofi ba. Kwana biyu, uku, ganye ya langaɓe. Sai tsoro ya kama ni in kwarara musu ruwa har ya malala a siminti. Washegari duk wanda ya nuna ya tsage, ƙuda na bi. Daga baya na gane haka tumatirin nan yake, ba ya son a manta da shi sannan a zo a biya bashi rana ɗaya. Kuma na gane ke ma haka nake yi miki. In yi kwanaki ban dube ki da kyau ba, ina "na'am, na'am" idona a kan shafi, sannan rana ɗaya in rungume ki, in cika ki da alewa, in hana ki sakat har ki ture ni. Ki yafe mini wannan. In kin isa, ki riƙa ba shukarki ruwa kaɗan kullum da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Baba ma haka za ki yi masa. Kada ki tara labari sai wata ya cika ki kira shi kina kuka. Ko "Baba, na ci abinci" ne, ki aiko masa kullum. Kin san ba zai ce yana kewarki ba, sai dai ya riƙa duba waya a bakin Ƙiblatain yana jiran fasinja.

Amma ashe tsamin nan da kaurin ɓawon ba daga ban ruwana suke ba. Na daɗe ban sani ba, saboda kunyar tambaya. Sai da na tsinci tsohuwar takardar irin a cikin akwatin lallen Umma, na sa ta a jakar makaranta, na yi ta yawo da ita kafin in iya shiga mashtal ɗin. Akwai wani dattijo a wurin, Bahaushen Sudan, Ammu Usman suke ce masa. Na miƙa masa takardar ba tare da na ɗaga kai ba, na ce mun ajiye iri daga wannan, bai fito daidai ba.

Ya juya ta, ya nuna mini harafin F da lamba ɗaya a ƙasan hoton. Ya ce, "Ai wannan hajin ne, ya binti. Uwa daban, uba daban, aka haɗa su. Shi kansa kyakkyawa ne, amma 'ya'yansa ba sa ɗauko shi."

Kalma ɗaya kawai na ji. Ba ki san wannan ba: a shekarar malamar Larabci ta koya mana kalmar hajin a aji, cewa da can ana faɗa wa wanda jininsa ya gauraya. Da aka fita tara wata yarinya ta nuna ni ta ce, "Ga hajin ɗinmu nan, a gida yare, a waje Larabci." Sunan ya bi ni har ƙarshen zango. To da dattijon nan ya faɗa, sai na ɗauka da ni yake. Na ji kamar ya leƙa cikin gidanmu ya ga Baba Bakatsine, Umma 'yar Chadi, mu kuma haihuwar Madina da ba mu zama 'yan ko'ina ba, ya ce ba mu ɗauko kowa ba. Na juya na fita da sauri. Ina jin sa yana kira, "Ya binti, takardarki! Tsaya mana in ƙarasa!" Ban tsaya ba. Na yi kuka tun daga can har unguwarmu ta Ranuna, a cikin niƙabi, ba wanda ya sani.

Bawan Allah maganar tumatir yake yi. Hanan, za a faɗa miki kalmomi a can da ba ki saba ji ba. Wasu za su ce miki ruwa biyu, wasu 'yar Makka, ko da kin ce musu Madina ce. Za su yi dariya in kika ce a ba ki moya maimakon ruwa, ko kika ce halas a tsakiyar magana. Kafin ki ruga ɗaki ki tsaya a ƙarasa maganar. Ki tambaya, "Me kike nufi?" Ba kowace kalma ce aka jefo don ke ba. Wadda kuma aka jefo don ke, ki amsa da Hausarki yadda take, karyayya ko gyararriya. Ni shiru na yi, shirun bai rage mini komai ba sai ƙawaye. Kuma ki tuna a can ba a cewa Abla. 'Ya'yan Gwaggo manya Yaya za ki ce musu, ki rusuna in za ki gaida ita da mijinta. Abla ki bar mini shi, nawa ne.

Na koma mashtal ɗin daga baya, don ba ni da wani wurin zuwa. Ammu Usman ya ajiye mini takardar a ƙarƙashin ma'auni. Bai tambaye ni dalilin gudu ba. Ya ce, "Ran nan ba ki bari na gama ba. Ba lalacewa suka yi ba, komawa suka yi, wani gidan kakan nan, wani na can. In akwai wanda ya yi miki a cikinsu, ki ajiye nasa, ki shuka, ki sake zaɓa. Shekara da shekara zai zauna ya zama naki. In kuma wancan na hoton kike so, sai sabuwar takarda duk shekara."

Na ce, "Na hoton nake so."

Ya ce, "Ala kefik," wato yadda na ga dama, ya miƙo mini.

Nan na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. A cikin bokitan Umma akwai ɗaya kusa da ƙofa da ya yi 'ya'ya dogaye, launin lemo, kamar ɗanyen dabino. Ba shi da zaƙin murjani, amma in aka yanka shi ƙamshinsa har matakala. Baba yana yanka shi a kan ful da safe, ya ce wannan ya fi shiga wake. Ni ban ko dube shi ba, don bai yi kama da abin da na rasa ba. A littattafan da nake karantawa, wanda ya ɓace yakan dawo a babin ƙarshe yadda yake, ko tsufa bai yi ba. Haka nake so Umma ta dawo mana a cikin bokiti. Da zafi ya shigo na tuge su duka, har da na bakin ƙofa, ban ajiye ko ƙwaya ɗaya ba. Ragowar irin da ke cikin koren ƙyallen kuma, wanda ta matse da yatsunta, na tsaya a bakin katanga na kaɗe shi a iska don in samu wurin zuba na takarda. Abu ɗaya ke nan da hannunta ya taɓa wanda zai iya ci gaba da rayuwa, ni kuma na zubar. Da sabon ya fito da nononsa jajaye kika yi tsalle kika ce, "Abla, Umma ta huce!" Na yi murmushi, na shiga banɗaki na kunna famfo.

Don haka in kin shuka naki suka fito kowa da kamarsa, kada ki yi saurin tugewa. Ki ɗanɗana kowanne. Ki kai wa Gwaggo ta ɗanɗana, ki sa a miya ki ji. Babu wanda yake fushi da ke, ba kuma ƙasar Katsina ce ta ƙi ki ba.

Bari in gaya miki wata wautar, ko kya yi dariya a jirgi. Kin tuna shekarar da na kwashe bokitan duka na mayar da su katangar yamma, na ce miki sun fi son iskar can? Ƙarya ce. Akwai wata taga a benen da ke kallonmu, labulenta yana motsi duk lokacin da na hau soro da la'asar. Na sa a raina wani ne a bayansa yake kallona. Na ba shi suna, na ba shi aiki, har na san irin muryarsa da abin da zai ce wa Baba. Na mayar da shukar can don in samu dalilin tsayuwa. Ranar yamma ta gasa su, furen ya yi ta zubowa tun bai ƙulla ba, muka yi sanyi guda da kwano ɗaya tal. Rannan na ji Anti Balaraba tana cewa ɗakin nan ma'ajiyar barguna ce ta wani masaukin baƙi, gilashin tagar ne ya fashe, iska ke kaɗa labulen. Wata uku ina yi wa barguna kwalliya. A watannin nan kuwa 'yar Anti, Maryam, ta hawo sau da yawa tana so mu yi hira, ina sallamarta don kada ta tsaya mini a gaban taga. Yanzu an kai ta Jidda. Ke in kin ga mutum na gaskiya ya zo da ƙafarsa ya zauna kusa da ke, ki ajiye duk abin da ke hannunki da wanda ke cikin kanki, ki ba shi wuri. Bokiti kuma a sa shi inda zai sha hantsi, ya samu inuwa da yamma.

Sauran kin sani, tare muke yi. Tohon da ke fitowa a hammatar ganye ki tsinke shi tun yana ƙarami, kada tausayi ya hana ki, in ba haka ba kurmi za ki samu ba tumatir ba. Ki ɗaura masa igiya tun bai kwanta ba. A nan mukan girgiza igiyar da safe don furen ya ƙulla, saboda ƙudan zuma ba ya hawowa sama haka. An ce a can akwai su da yawa, wataƙila ba sai kin girgiza ba. Lokacin shuka kuwa ki tambayi Gwaggo, ni ban san sanyinsu ba, a littafi kawai na san garin.

Jiya da kika sauka kitso wurin Anti Balaraba na je na sayo sabuwar takarda. Niyyata in kankare tsummanki in zuba miki wannan, in ƙulle, ki tafi da shi ba ki sani ba. Har na kwance ƙullin da kika riga kika yi masa. Sai na tuna baɗi. Bana zai yi miki kyau, ki matse, ki shanya, ki shuka, ya fito a hargitse, kuma babu Abla a bayan tanki da za ta musanya. Na hango ki tsaye ke kaɗai a tsakar gidan Gwaggo da tumatir mai tsami a hannu, kina neman wanda za ki tambaya lesh. Na mayar da ƙullin yadda kika yi shi. Takardar tana nan cikin ambulan ɗin nan, ban yage bakinta ba. Ki shuka su gefe da gefe, na takarda da na tsumma, ki san wanne ne wanne.

Ban san yadda soron nan zai zama ba in kin tafi. Baba ya ce karatunki zai fi tafiya daidai a can, kuma na san gaskiyarsa ne, shi yana hanya tun asuba, ni ina fama da shekarar ƙarshe a makaranta. Amma wa zai riƙa cinye nunannun kafin in hawo, ya ce tsuntsu ne, alhali ga 'ya'yan tumatir a haɓarsa? Ni da Baba ba ma cinye kwano ɗaya. Ɗazu na ɗauke katifarki na jingine, sai ɗakin ya yi faɗin da ban san yana da shi ba.

Allah ya tsare mini ke, Hanan. Ya sa ki a hannun masu tausayi, ya buɗe miki baki da zuciya, ya raba ki da ciwo da kaɗaici. Ya jiƙan Umma, ya haskaka makwancinta a Baƙi'a, ya ƙara wa Baba lafiya. Ya haɗa fuskokinmu da alheri, a nan garin Manzo ko a can.

Taki har kullum,
Abla Sumayya.

Na so in cusa wannan a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin abayoyi, don ki gan ta bayan teku ya raba mu, in kin yi fushi ma ba zan ga fuskarki ba. Wannan ma wata musanyar ce. Ga shi ina jin ki a matakala kina ta "Abla, yalla, Gwaggo na jira!" kuma jirgin sai bayan isha'i, akwai sauran yini. Hannu da hannu zan ba ki, a nan gaban bokitan, in tsaya har ki kai ƙarshe, ko da za ki yi ta tuntuɓe da Hausar. In za ki yi fushi ki yi shi ina tsaye. In kin gama, ki ɗibar mini kaɗan daga tsummanki. Bana shi zan zuba a koren ƙyallen.